Majami'ar da aka gina a kan cikon fadama: nazarin lamarin wata ikilisiyar Metodis a Landan

A gefen titin City Road a Landan, daura da tsohuwar maƙabartar Bunhill Fields, akwai wata majami'a ta bulo mai suna Wesley's Chapel, wato majami'ar Wesley, da ta ɗan ja baya daga bakin titi, da fili a gabanta, da gidaje hagu da dama. A shekarar 1972 aka garƙame ƙofarta, domin masana gini sun duba sun ce zama a cikinta haɗari ne. Ta yi shekara shida a rufe. Yau tana buɗe, ana sujada a cikinta kowace Lahadi. Za mu bi lamarin daki-daki: inda ciwon ya faro, magungunan da aka gwada, da wanda ya ci.

1739 zuwa 1776: jama'ar ta girmi ginin

Ikilisiyar ta girmi gininta da shekara 39. Ta faro ne a wani kango da ke unguwar Moorfields, wanda a da maƙerar gwamnati ce inda ake zuba igwa. A 1716, ana cikin narka tsofaffin igwogin da aka ƙwace daga hannun Faransawa, narkakken ƙarfe ya haɗu da danshi, wurin ya yi bindiga, mutane suka mutu. Gwamnati ta kwashe aikin zuwa Woolwich, ta bar kangon sama da shekara 20 ba mai waiwayarsa.

A 1739 John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Metodis, wani firist na Cocin Ingila da majami'u da yawa suka fara hana shi hawa mumbarinsu, ya karɓi hayar kangon a kan fam 115, ya kashe ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi wajen gyara. Babban ɗakin yana ɗaukar mutum kusan 1,500. A nan aka buɗe makarantar 'ya'yan talakawa, da asusun rance ga masu ƙaramar sana'a, da masaukin matan da mazansu suka mutu suka bar su ba mai riƙo, sannan a 1746 aka ƙara ɗakin shan magani kyauta. Ana wa'azi da ƙarfe biyar na asuba domin ma'aikata su ji kafin su wuce wurin aiki. A wannan gida mahaifiyarsa Susanna ta rasu a 1742, aka binne ta a Bunhill Fields.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan, domin zai dawo mana can gaba. Masu zuwa sujada 'yan unguwa ne: masaƙa, leburori, masu kanti, barorin gida, mutanen da ke zuwa da ƙafa. An raba su rukuni-rukuni na mutum kamar 12, kowane rukuni da shugabansa, suna haɗuwa mako-mako, kowa yana ba da kwabo ɗaya. Da wannan kwabo ake biyan bashi, da shi ake toshe yoyo.

Zuwa tsakiyar shekarun 1770 kangon ya gaji, wa'adin haya ya kusa cika, hukumar birni kuma tana shirin sake fasalin unguwar. Ya zama dole a nemi wani wuri.

1777 zuwa 1791: sabon gini, da ƙasar da ke ƙarƙashinsa

Hukumar birnin Landan ta ba da hayar wani fili da bai kai tafiyar minti biyar daga tsohon wurin ba. George Dance ƙarami, mai zanen gine-ginen hukumar, shi ya zana majami'ar. Wanda ya gina ta Samuel Tooth ne, ɗan ikilisiyar, mai wa'azi kuma. Ranar 21 ga Afrilu 1777, ana tsuga ruwa, Wesley yana da shekara 73, ya aza harsashi, ya yi wa'azi a kan Littafin Ƙidaya 23:23, ayar da ke mamakin abin da Allah ya aikata. An buɗe ginin ranar 1 ga Nuwamba 1778. Shi da kansa ya kwatanta shi da cewa gini ne mai tsabta da tsari, ba mai ƙawa ba.

Fasalinsa mai sauƙi ne. Babban ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da benen zama da ya kewaye ɓangarori uku daga ciki, da dogon mumbari na katako mai hawa uku a tsakiya domin na sama da na ƙasa duk su ji murya. Teburin Jibin Ubangiji yana bayan mumbarin. Ginshiƙan da suka tallafi benen itatuwa ne irin waɗanda ake kafawa a tsakiyar jirgin ruwa a ɗaura musu filafilai, Sarki George na III ne ya bayar da su daga ma'ajiyar sojan ruwa, aka shafe su aka yi musu fenti har suka yi kama da dutse. A goshin benen, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, an maimaita wani ɗan zane: kurciya a tsakiya, maciji ya yi mata zobe. Wanda ya san Matiyu 10:16 zai gane shi nan take, wayo irin na maciji da rashin ɓarna irin na kurciya. Zanen yana nan har yau, duk wanda ya ɗaga kai daga kan benci zai gan shi.

Matsalar tana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Wannan yanki na arewacin ganuwar Landan fadama ce tun asali. Filin da aka bayar kuwa juji ne da aka riƙa zubar da ƙasar da aka haƙo lokacin gina babbar majami'ar St Paul bayan gobarar 1666. Ke nan ciko ne a kan laka. Duk maginin da ya taɓa aiki a irin wannan wuri ya san halinsa. Ciko ba ya zama lokaci ɗaya, kuma ba ya zama daidai: nan ya nutse da yawa, can ya nutse kaɗan. Idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau ya sauka, katakon harsashi da ke cikin ƙasa yakan jiƙe ya bushe, ya jiƙe ya bushe, har ya ruɓe. Bango ya fara karkata, rufi ya biyo shi, ruwan sama ya samu hanya. Irin wannan ciwo ba ya nuna kansa a shekara goma ko ashirin.

Wesley ya tare a gidan da ke gefen filin a 1779. A nan ya rasu ranar 2 ga Maris 1791 yana da shekara 87. An binne shi a bayan majami'ar ranar 9 ga wata da ƙarfe biyar na asuba, don gudun turmutsutsu. Daga wannan rana ginin ya ɗauki nauyi biyu: wurin sujadar 'yan unguwa, da kuma wurin ziyarar duk wani ɗan Metodis a duniya.

1815 zuwa 1899: gobara, da babban gyara na farko

An yi ƙananan sauye-sauye. Wajajen 1815 aka ƙara rumfar ƙofa mai ginshiƙai. A 1864 aka sake fasalin benen, aka rage tsawon mumbari. A watan Disamba 1879 gobara ta tashi ta lalata silin, wanda aka yi wa ado da fari da ruwan zinariya. Aka sake shi daidai da yadda yake a da, aka koma sujada a 1880.

Shekara guda bayan haka wani abu ya faru da ba shi da alaƙa da bulo ko katako, amma ya shafi makomar ginin fiye da kowane gyara. A watan Satumba 1881 aka yi taron farko na 'yan Metodis na duniya a cikin wannan majami'a, wakilai kusan 400 daga ɗariku kusan 30. Mutanen Amurka da Kanada da Ostireliya da sauran wurare suka zauna a kan bencinta, suka tsaya a bakin kabarin Wesley, suka koma gida suna kallon wurin a matsayin gidan kakansu.

A 1891, cikar shekara 100 da rasuwar Wesley, aka yi babban aiki. An ƙarfafa harsashin, wanda ya nuna cewa tun a lokacin an san ƙasar na ba da matsala. An cire itatuwan jirgin ruwa aka kafa ginshiƙan dutse mai sheƙi daga Faransa, kyauta daga ikilisiyoyin Metodis na ƙasashen waje. An sa sababbin bencina na katako mai nauyi da tagogin gilashi masu launi. A filin gaba aka kafa mutum-mutumin Wesley na tagulla, a ƙarƙashinsa an rubuta maganarsa cewa duniya duka ita ce filin hidimarsa. A 1898 aka mai da gidansa gidan tarihi. Ginin da mai shi ya ce ba na ƙawa ba ne ya zama abin kallo.

1900 zuwa 1971: unguwa ta watse

Yayin da ake ƙawata ginin, mutanen da ke cika shi suna ta kaura. Jirgin ƙasa ya sa mai hali yana iya kwana a bayan gari ya zo aiki da safe. Gidajen zama suka koma rumbunan ajiya da ofisoshi da masana'antu. Tsohon birnin Landan, wanda iyakarsa ke kudu da majami'ar kaɗan, yana da mazauna kusan 127,000 a 1851. A 1901 sun koma kusan 27,000. A 1971 ba su kai 5,000 ba. Gundumar Finsbury, inda ginin yake, ta sauko daga kusan 100,000 a 1901 zuwa kusan 33,000 a 1961.

Yaƙin duniya na biyu ya ƙara wa abin gudu. Jiragen Jamus sun yi ta ruwan bama-bamai a wannan yanki a 1940 da 1941, gine-ginen da ke kewaye suka ƙone, majami'ar ta tsira. Amma gidajen da suka rushe ba a mai da mutanensu ba, da yawa an kai su sababbin unguwanni nesa.

Ita ma ɗarikar gaba ɗaya tana raguwa. Lokacin da manyan rassan Metodis na Birtaniya suka haɗe a 1932 suna da mambobi sama da 800,000. Zuwa 1970 sun sauko kusan 600,000, an kuma rufe dubban ƙananan majami'u, wasu an sayar, wasu an rushe.

Sunan wurin bai ragu ba. Baƙi suna zuwa, ana manyan taruka, ana ɗaurin aure. Ranar 13 ga Disamba 1951 wata matashiya 'yar Metodis daga garin Grantham, Margaret Roberts, ta auri Denis Thatcher a nan; ita ce Margaret Thatcher da daga baya ta zama Firayim Ministar Birtaniya. Sai dai baƙon da ya zo ya kalli kabari ya tafi ba ya cikin masu ba da baiko kowane mako, kuma ba shi zai lura cewa tsagar da ke kusurwar bango ta fi ta bara faɗi ba. Ƙaramar ikilisiya ce ke riƙe da ginin da aka yi domin mutum sama da dubu, gini mai shekara kusan 200, a kan ƙasa mai motsi. Abin da irin wannan jama'a ke iyawa shi ne faci: a gyara inda ya fi tsanani, a bar saura sai an samu hali.

1972: an rufe

A 1972 bincike ya nuna ginin ba shi da aminci, aka rufe shi. Ƙarfafa harsashin da aka yi a 1891 ya sayi shekara 81, bai kashe ciwon ba.

Hanyoyin da ke gaban duk ikilisiyar da ta shiga wannan hali sanannu ne. Ko dai a sayar da filin, wanda a bakin tsakiyar Landan kuɗinsa ba kaɗan ba ne, a haɗa jama'ar da wata majami'a. Ko a gyara ginin ya zama gidan tarihi kawai, a daina sujada. Ko a gyara shi ya koma yadda yake, wurin ibada mai rai. Hanya ta farko tana da shinge biyu. Tun 1950 gwamnati ta sa ginin a aji na ɗaya na gine-ginen tarihi da doka ta kare, sannan kabarin Wesley da na dubban masu bi suna bayansa. Ta uku kuwa tana buƙatar kuɗin da ikilisiyar ba za ta taɓa iya tarawa ita kaɗai ba, ko da za ta shekara 50 tana karo-karo.

1972 zuwa 1978: hannu da yawa

Hanya ta uku aka bi, kuma aka kai kukan waje. An roƙi 'yan Metodis na Birtaniya da na duniya baki ɗaya. 'Yan Amurka, waɗanda ɗarikarsu ta fi ta Birtaniya yawa da arziki nesa ba kusa ba, sun ba da kaso mai tsoka. Lokacin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Rikicin man fetur ya ɓarke a 1973, tsadar kaya a Birtaniya ta haura kashi 20 cikin ɗari a 1975. Ana tara kuɗi, kuɗin aiki yana gudu a gaba. Duk da haka, cikin shekara shida an haɗa kusan fam miliyan ɗaya.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba idan ana ba da wannan labari, kuma a wurina ya kai kuɗin muhimmanci. Ikilisiyar ba ta watse ba. Ta ci gaba da haɗuwa a aron wuri, a wata majami'ar Anglika a cikin tsohon birni. Shekara shida ba kwana shida ba ce. Yaron da aka haifa a makon da aka rufe ƙofar ya shiga makaranta kafin a buɗe ta. Tsofaffi sun mutu ba su koma kan bencinsu ba. Waɗanda suka rage sun riƙe Lahadi bayan Lahadi a ɗakin da ba nasu ba, da sun saki, da an gama gyara an rasa wanda za a miƙa wa mabuɗi.

Ranar 1 ga Nuwamba 1978, shekara 200 cif da buɗewar farko, aka sake buɗe majami'ar a gaban Sarauniya Elizabeth ta II da mijinta. An keɓe wani ƙaramin ɗakin addu'a da aka sa wa sunan tsohuwar maƙerar. A ciki akwai bencina marasa ado da aka kwaso daga can, da ɗan ƙaramin ogan, wato kayan kiɗan coci mai aiki da iska, na Charles Wesley, ƙanin John, marubucin dubban waƙoƙin sujada. Wasu daga cikin itatuwan jirgin ruwan nan kuma suna tsaye a zauren shiga, mai wucewa yana iya dafa su.

1978 zuwa 1989: gini ya warke, saura jama'a

Gyaran ya magance bango da rufi, bai dawo da mazauna unguwa ba. A 1984 aka buɗe gidan tarihin ɗarikar a ɗakin da ke ƙarƙashin majami'ar, wanda ya ƙara jawo maziyarta. Amma tambayar 1972 tana nan a kwance: wa zai riƙe wurin yau da gobe?

Amsar tana can gaba kaɗan a kan titin. Tun 1886 tsofaffin ɗaliban makarantar Leys ta Cambridge, makarantar Metodis, suka kafa wata mishan domin hidimar talakawan wannan yanki. A 1904 ta tare a wani katafaren gini a kan City Road ɗin, kusa da mahaɗar Old Street. Ita ma watsewar unguwa ta taɓa ta, gininta ya yi mata yawa. Ga ikilisiyoyi biyu na ɗarika ɗaya, tafiyar 'yan mintoci tsakaninsu, kowacce tana nishi da nata kaya. A 1989 suka haɗe. Mishan ta bar gininta, wanda daga baya aka mai da shi gidajen zama, ta dawo da mutanenta da dukiyarta da al'adarta ta taimakon mabuƙata cikin tsohuwar majami'ar.

1989 zuwa yau

A daidai wannan zamani fuskar Landan tana sauyawa. Mutanen da suka zo daga tsibiran Karibiyan da Afirka ta Yamma, da yawansu 'yan Metodis ne tun daga gida. Ɗarikar ta isa Cape Coast a 1835, ta isa Badagry a 1842 ta hannun Thomas Birch Freeman, a Saliyo kuwa ta riga haka. Jikokin waɗanda suka karɓi bishara a waɗannan wurare, da suka sauka Landan suka nemi wurin sujada, sunan Wesley ba baƙo ba ne a kunnensu. 'Yan Gana da Najeriya da Saliyo suka zama ginshiƙin ikilisiyar, tare da mutanen gomman ƙasashe. A zamanin Rabaran Leslie Griffiths, wanda ya shugabanci wurin daga 1996 zuwa 2017, mambobi sun haura 400. Rabaran Jennifer Smith ta gaje shi a 2017.

Kyauta daga nesa ma ba ta yanke ba. A 1993 Margaret Thatcher ta ba da sabon shingen da ake durƙusawa a gabansa wajen karɓar Jibin Ubangiji. Da aka sabunta gidan tarihin aka sake buɗe shi a 2013, babbar gudummawa ta fito ne daga ikilisiyar Kwanglim ta birnin Seoul a Koriya ta Kudu.

Abin da nake gani

Ciwo biyu ne suka haɗu a wuri ɗaya, kuma an daɗe ana jinyar ɗaya kawai. Na farko na ƙasa ne, ya faro ranar da aka karɓi filin. Ban ga laifin Wesley a nan ba: filin da ya samu ke nan kusa da mutanensa, kuma ilimin ƙasa na zamaninsa bai kai na yau ba. Na biyu na jama'a ne, ya faro lokacin da unguwa ta fara komawa kasuwa.

Aikin 1891 nakan kalle shi da zuciya biyu. Ya tsawaita ran harsashin, amma ya bar wa ƙaramar ikilisiya gini mai tsadar riƙo fiye da wanda ta gada, a daidai lokacin da masu riƙon ke raguwa. A ɗaya ɓangaren, ginshiƙan nan da aka karɓa daga ƙasashen waje, tare da taron 1881, su suka sa mutanen nesa suka ji suna da haƙƙi a ginin. Da aka buga musu ƙofa a 1972, ba baƙo ne ya zo roƙo ba. Abin da ya gaza ƙarara shi ne tsammanin cewa baikon 'yan unguwa zai ci gaba da ɗaukar nauyin wurin da duniya ke ziyarta. Faci ya jinkirta ranar rufewa, ya kuma sa kuɗin gyara ya taru.

Fam miliyan ɗaya na 1978 ya zama dole, amma shi kaɗai da gidan tarihi mai kyau zai samar. Abin da ya mai da wurin majami'a abu uku ne da ba su da armashin bikin sarauniya: 'yan tsirarun da suka riƙe sujada a aron ɗaki, haɗewar 1989 inda ikilisiya guda ta yarda ta bar gininta, da buɗe ƙofa ga baƙin da suka zo daga ƙasashen da aka taɓa aika wa 'yan mishan. A cikin ukun, haɗewar ce nake ganin ta fi wuya, domin barin ginin da aka yi wa mutum baftisma da aure a cikinsa ba ƙaramin abu ba ne.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne nan. Ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ba ta sauya ba, wani babban gyara zai sake zuwa ko ba jima ko ba daɗe. Unguwar kuma ta zama ta ofisoshi da kamfanonin fasaha, hayar gida a cikinta ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Da yawa daga cikin masu cika bencin yanzu suna shigowa ne daga nesa a bas da jirgin ƙasa, suna wuce majami'un da suka fi kusa da gidajensu, saboda sunan Wesley da suka taso da shi a Kumasi ko Legas ko Freetown. 'Ya'yansu a Landan aka haife su.